Gonar da Ke Iyo

Wata takwas ruwa ke kwana a filin babana yanzu.
Da ina yarinya, wata biyar ne.
Anjuara ta ce huɗu,
amma Anjuara ba ta taɓa yarda da lissafin kowa ba.

Ranar Alhamis na iso Nazirpur daga Dhaka,
yatsuna na warin man keken ɗinki.
Na iske uwata cikin ruwa iya ƙugu
tana janyo kainuwa da ƙugiya,
tana jibgawa, tana tattakawa,
hawa kan hawa, har ta yi tudu
mai tsawon kwale-kwale uku.
In ta ruɓe, sai a dasa kuɓewa a kai,
da duma, da alayyafo.
Ciyawar da ba wanda ya dasa,
ita ke goye da duk abin da muka dasa.
Ruwa ya hau, gona ta hau.
Ya sauka, ta bi shi ƙasa ba gardama.

Tuhin, ɗana, shekararsa tara,
ya fito da takarda daga cikin leda.
Malam Shibu ne ya ba su aikin gida:
Me za ka yi don duniya ta huce?
Ya karanta mini da ƙarfi, yatsa na bin layi.
Rage cin nama.
Hau keke, bar mota.
Kashe fitila in za ka fita.

Nama, rabonsa da haƙoranmu tun Babbar Salla.
Keke kuwa, a kan wace hanya?
Hanyar tana ƙasa, kifi ke bin ta.
Sai ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitilarmu,
guda ɗaya tal,
mai shan rana daga faifan da ke kan rufi,
ya ce, "Ma, in na kashe wannan,
ruwan zai koma wata biyar?"

Na buɗe baki, ban sami komai a ciki ba.
Ni da ke ɗinka wuyan riga ɗari huɗu a yini
don mutanen da ban san sunan garinsu ba.
An ce wasu sau uku suke sawa su yar.
Na ga kwatar bayan masana'anta
tana canza launi da odar mako:
shuɗi, ja, wani lokaci kalar da ba ta da suna.
Da kuɗin nan na sayi faifan kan rufin.
Da kuɗin nan na sayi takardar da ke hannunsa.
To ni ina nake a lissafin Malam Shibu,
cikin masu hura wutar, ko cikin tukunya?

Uwata ba ta ko juyo ba.
Tana mulmula ruɓaɓɓiyar ciyawa a tafin hannu,
ta huda da ɗan yatsa, ta jefa iri biyu.
Ta ce, "Tambayarka mai kyau ce.
Mayar da ita leda kada ta jiƙe,
ka zo ka riƙe mini gorar nan."

Da daddare, ana tsakiyar cin shinkafa,
ya miƙe ya kashe fitilar.
Ba wanda ya hana shi.
Muka ci gaba da laluben ƙayar kifi a duhu,
kwaɗi na ta musu a ƙarƙashin ɗaki,
can gonar na dungurar gorar da aka ɗaure ta,
ƙwas,
ƙwas,
kamar baƙon da ke jin kunyar sallama.

Asabar da asuba na kama jirgin ruwa.
Kafin in fita na leƙa takardar.
A ƙasan tambayar, da fensir mai dushewa,
ya rubuta:
Na kashe tamu.
Ku nawa ne taku?